Dogayen Benaye Da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowace shekara idan alhazai suka komo gida, aka gama barka da sauka, aka raba zamzam da dabino, da wuya hira ta yi nisa ba a zo kan dogayen benayen nan da suka tsaya a kan Masallacin Makka ba. Wani ya ce bai taɓa ganin abin mamaki irinsu ba, ga tsabta, ga sanyi, ga shi tsoho yana saukowa daga ɗakinsa ya shiga sahu ba tare da ya sha rana ba. Wani kuwa sai ya kaɗa kai, ya ce tun da ya ɗaga ido a wurin ɗawafi ya ga hasumiyar agogo ta tare masa rabin sama, hankalinsa bai ƙara kwanciya sosai ba. Dukansu biyu abin da suka gani suke faɗi. Hasumiyar nan, wadda aka gama a 2012, tsawonta mita 601 ne, ita kuwa Ka'aba ba ta wuce kimanin mita 13 ba, watau an ninka ta fiye da sau 40. An gina ta ne tare da 'yan'uwanta shida a inda ganuwar Ajyad ta Turkawa take a dā, wadda aka rushe a 2002.

Gardamar ba ta tsaya a Makka ba. Wani irin gini ya yawaita a manyan biranen duniya, daga Dubai da Alƙahira har Landan da unguwar Ikoyi ta Legas: bene mai hawa ashirin ko arba'in ko fiye, wanda ake yanka shi sashe-sashe a sayar, kowane magidanci ya mallaki nasa ɗakunan, su yi tarayya a harsashi da ginshiƙai da matakala da lifta. Masu zanen gini da marubutan jaridu sun daɗe suna kai ruwa rana a kansu. Waɗansu na cewa akwatunan gilashi ne kawai, duk kamarsu ɗaya, wanda aka kafa a bakin teku da wanda aka kafa a cikin hamada ba a rarrabe su. Waɗansu kuma na cewa fili ya yi tsada, jama'a ta yi yawa, gara birni ya yi sama da ya ci gonakin da ke kewaye da shi. Muddin maganar kyau da muni ce, ba ranar gamawa, domin abincin wani gubar wani. Tambayar da ta dace da wannan fili ita ce: shin shari'a tana da ma'aunin da take auna ingancin gini da shi, ko kuwa ta bar wa kowa idonsa?

Sai a fara kawar da wata hujja da ta fi kowace saurin zuwa baki. Mutane da yawa da zarar sun ga dogon gini sai su tuna hadisin Mala'ika Jibrilu, inda aka lissafa gasar da matalautan makiyaya za su yi wajen tsawaita gini a cikin alamomin tashin ƙiyama, su ce shi ke nan, haramun ne. Ba haka malamai suka fahimta ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa zaman abu alamar ƙiyama bai sa ya zama haramun ko abin zargi ba, domin alama takan zo da alheri, ta zo da sharri, ta zo da abin da yake halal. Abin da Alƙur'ani ya zargi Adawa da shi a Suratush Shu'ara'i, daga aya ta 128 zuwa ta 130, shi ne gini a kan tuddai don wasa da alfahari, da ɗaukar kai kamar ba za a mutu ba, da damƙar mutane damƙa ta zalunci. Tsawo kuwa ba baƙo ba ne a garuruwan Musulmi. A birnin Shibam na Hadramaut, cikin ƙasar Yaman, akwai gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama, mafi yawansu sun samo asali tun ƙarni na 16, kuma malamai sun rayu a cikinsu sun koyar, ba wanda ya ce a rushe.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, mallakar gida bisa gida ma tsohuwar mas'ala ce a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya. Shaihu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, ya halatta a Muhtasar ɗinsa mutum ya sayar da sararin da ke bisa gininsa, har ma sararin da ke bisa wancan sararin, tun ba a ɗora ko tubali ɗaya ba. Amma fa da sharaɗi: sai an siffanta ginin. Masu sharhi suka ce a bayyana da me za a yi shi, da kaurin bangonsa da tsawonsa, saboda na ƙasa yana so abin da za a ɗora masa ya yi sauƙi, na sama kuma yana so abin da zai ɗauke shi ya yi ƙarfi. In ba a siffanta ba, ciniki ya zama na gaibu, kuma irinsa ba ya inganta.

To, a duba yadda ake sayar da sassan benayen zamani. Galibi ana sayar da su tun suna kan takarda. A miƙa wa mai saye littafi mai sheƙi, ga hoton falo da kujeru, ga wurin ninƙaya a saman rufi, ga rana tana faɗuwa a bayan teku. An siffanta masa launin tayil da irin famfon banɗaki. Kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi fa? Yawan simintin da ke cikin kankare, da zurfin harsashi, da irin ƙasar da aka kafa shi a kai? Waɗannan su ne ainihin siffar da Halil yake nufi, su ne kuma ba a nuna wa mai saye, shi ma da wuya ya tambaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa wucewa ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa a cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya tuhume shi da rashin fito da jiƙaƙƙen fili don mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Bango mai sulɓi wanda ya rufe ruɓaɓɓen kankare tsibin hatsin nan ne, sai dai shi wannan idan ya tashi tona asirin mai shi da rayuka yake tafiya.  Ranar 1 ga Nuwamba 2021 kuwa, a titin Gerrard na Ikoyi, bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa, wanda ake tallar sassansa ga masu hannu da shuni, ya zube gaba ɗaya da rana tsaka. Fiye da mutum 40 suka rasu, akasarinsu leburori da magina waɗanda ko a mafarki ba su sa ran kwana a cikinsa ba.

Ko da an yi gini da gaskiya, akwai ranar tsufansa, kuma a nan tarayya take nuna wuyarta. Gidan mutum ɗaya idan ya tsage, mai shi ya san nasa ne. Gidan mutum ɗari kuwa kowa jiran wani yake yi. A garin Surfside na jihar Fulorida a Amurka akwai wani bene mai hawa 12 a bakin teku, wanda aka gama a 1981. A 2018 injiniya ya duba shi ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya. Aka shiga taro da ja-in-ja a kan kuɗin gyara, wanda ya kai kimanin dala miliyan 15 da za a raba wa masu sassan. Ba a kai ga babban aikin ba, sai ga shi daren 24 ga Yuni 2021 wani ɓangare na ginin ya rufta da mutane suna barci, 98 suka mutu.

Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya riga ya yanke irin wannan a Risala, littafin da ɗalibi ke karantawa tun bai yi nisa ba. Ya ce gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, har da azarar rufin da na sama yake takawa, kuma idan ƙasan ya yi rauni shi zai tokare ɗakunan sama har ya gyara. In ya ƙi, a tilasta masa ko dai ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Halil ya faɗaɗa hukuncin ga duk abokin tarayya a cikin abin da ba ya rabuwa. Shari'a ke nan ba ta bar gyaran abin da ke ɗauke da rayuka a hannun ganin dama ba, kuma ba ta jira sai kowa ya yarda. Wannan yana da nasa darasi ga mai zane tun daga farko. Ginin da ba ya zaunuwa sai da lifta shida da janareta mai aiki dare da rana da injin tura ruwa zuwa hawa na talatin, a garin da wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa, an ɗora wa mazaunansa nauyin da watakila 'ya'yansu ba za su iya ɗauka ba. Mai kuɗin da ya gina ya sayar ya tafi. Magada ne za su zauna da tsagar.

Sa'an nan a zo kan taga, wadda ita ce malaman Malikiyya suka fi tsanantawa a kanta. Ya zo a Mudawwana cewa an kai wa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ƙarar wani mutum da ya ɗora ɗaki a saman gidansa ya buɗe tagogi ta wajen maƙwabcinsa. Umar ya rubuta cewa a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya. In yana hango abin da ke cikin gidan maƙwabcin a hana, in ba ya hangowa a ƙyale. Hukunci ne mai sauƙin gwadawa, ba ya bukatar komai sai gado da mutum ɗaya. Umar bai tambayi niyyar mai ɗakin ba, bai kuma ce wa maƙwabcin ya ƙara wa katangarsa tsawo ba. Wanda ya zo da sabon abu shi aka ɗora wa nauyin kawar da cutar. Asalin wannan kuwa shi ne umarnin neman izini kafin shiga gida a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, tare da bayanin Annabi cewa saboda gani aka shar'anta neman izinin. Wanda idonsa ya shiga gida, ya shiga ke nan, ko da ƙafarsa tana waje. A Tunis ta ƙarni na 14 an yi wani gwanin magini, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan ƙararraki, ya kuma tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, yana ba da labarin tagogi da ƙofofin da aka sa aka toshe.

A ƙasar Hausa ba sai an karanta wa magini wannan ba. Zaure, da shigifa, da karkatar da ƙofa don kada na waje ya hango tsakar gida, da aika yaro ya sanar da maƙwabta kafin a hau rufi gyara, duk fiƙihun nan ne ya zama al'ada. Yanzu a ɗauki bene mai hawa goma sha biyar, bangonsa duk gilashi, a dasa shi a tsakiyar unguwa mai gidajen ƙasa. Tsakar gida nawa ya buɗe? Matar da ke wanki ko girki a gidanta, wadda ba ta fita ba, ba ta kuma gayyaci kowa ba, ta wayi gari sai ta sa mayafi a inda Allah Ya sauƙaƙa mata. Ba a shawarce ta ba sa'ad da ake zanen, kuma idan jaridu suka zo yabon ginin daga bakin titi za su ɗauki hotonsa, ba daga tsakar gidanta ba.

Kada a ɗauka wannan damuwar Musulmi ce kaɗai. A Landan, a bakin kogin Temes, akwai waɗansu benaye masu bangon gilashi da ake kira Neo Bankside, masu tsadar gaske. A 2016 gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern, wanda ke maƙwabtaka da su, ya buɗe wani dandali a hawa na goma don baƙi su kalli birni. Dubban ɗaruruwan mutane ke hawa a shekara, waɗansu suna leƙen cikin ɗakunan nan, suna ɗaukar hoto. Masu gidajen suka kai ƙara. Alƙalin farko ya kore ta, har ya ba su shawarar su riƙa sakin labule. Sai a ranar 1 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta Birtaniya, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce kallon nan cutarwa ce, kuma ba daidai ba ne a ce wa wanda ake cuta shi zai kare kansa. Bayan ƙarni goma sha huɗu an iso kusa da inda wasiƙar Umar ta tsaya. Sai dai akwai abin lura: waɗanda suka ci shari'ar su ne suka sayi gidan da ba shi da bango sai gilashi, don su kalli kowa, suka kuma ji zafi da aka kalle su.

Akwai wuri guda da maganar ba ta da sauƙi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mashhurin mazhabar Maliku shi ne ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska. Halil ya lissafa abubuwan da ake hanawa, kamar hayaƙin gidan wanka da warin majema da barga a gaban ƙofar wani, sa'an nan ya fitar da tare haske da rana da iska daga cikinsu. Mai dogon bene zai iya riƙe wannan ya ce shari'a tana bayansa. Amma Halil ya yi togaciya ɗaya, ita ce masussuka: ba a yarda a tare mata iska da rana ba, domin in babu su ba a shiƙa, amfanin wurin ya tafi ɗungum. Waɗansu malaman mazhabar kuma sun ce wanda ya ɗaga gini ba don wani amfani ba sai don ya cuci maƙwabci, a hana shi. Daga nan ake gane cewa an yi rangwamen ne saboda cutar ƙarama ce, a zamanin da katanga ba ta wuce hawa biyu ko uku, inuwarta ta yi awa kaɗan ta gusa. Inuwar bene mai mita ɗari tana iya rufe layi guda yawancin yini. Gidan da aka tare wa iska a garin zafi, mai shi kuma ba shi da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, ya fi kama da masussukar nan bisa ga ɗakin da ya ɗan rage haske. Dogon gini ma yakan haifar da tasa iskar, domin yana karkato da ta sama ya jefo ta ƙasa da ƙarfi. A birnin Lids na Ingila, a gindin wani bene mai suna Bridgewater Place, irin wannan iska ta kifar da babbar mota a kan wani mai tafiya a ƙasa a 2011, ya mutu. Wannan mas'ala ce da ke jiran malaman fiƙihu da injiniyoyi su zauna tare, domin naƙalto tsohon hukunci ba tare da duba dalilinsa ba zalunci ne ga Halil kansa.

Musulunci bai ƙi kyau ba. Hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa Allah Yana son kyau, an kuma lissafa yalwataccen gida a cikin abubuwan jin daɗin duniya, tare da maƙwabci nagari. Abin da ya bambanta shi ne inda ake tsayawa a yi kallon. Mai talla yana tsayawa a nesa, inda ginin ya fi fitowa a hoto. Alƙali kuwa yana hawa gadon Umar, ya shiga tsakar gidan da ke gefe, ya sauka ya ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya tambayi wa zai biya gyara bayan shekara talatin.

Idan aka koma Makka da wannan ma'auni, za a ga dalilin da ya sa alhazan nan biyu ba su daidaita ba. Maslahar a fili take. Mahajjata sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a 2023, kwarin Makka kuwa ƙunci gare shi, duwatsu sun matse shi, dole a sami inda za a sauke mutane, kuma benayen wakafi ne da aka tsayar don hidimar Harami. A ɗaya gefen, Azraƙi, mai tarihin Makka, ya ruwaito cewa mutanen farko suna ƙin ɗaga gidajensu sama da Ka'aba don girmamawa. Ga kuma abin da ba ya ɓoyuwa: kuɗin ɗaki a waɗannan benaye yana hawa ne gwargwadon yadda tagarsa ta fuskanci Ka'aba, ya zama kusanci da Ɗakin Allah an yi masa farashi, mai ƙaramin ƙarfi kuma an tura shi unguwannin nesa yana jiran bas, alhali aikin da ya kawo su duka an sa sarki da talaka cikin tufa iri ɗaya.

Har ma wata mas'alar salla ta taso daga zanen. An sa lasifika a ɗakunan, mutum yana jin karatun limamin Harami yana kuma hango sahu ta gilashi, sai waɗansu su tayar da kabbara su bi shi daga can. Malikiyya sun sauƙaƙa a bin liman daga gidajen da ke kusa idan ana gani ko ana ji, ban da sallar Juma'a a gidan da ba kowa ke shiga ba. Duk da haka Halil ya sanya bin limamin Harami daga kan dutsen Abu Ƙubais a cikin makaruhai, saboda nisa, da tsoron kada mamu ya kasa kiyaye motsin limaminsa. Hawan sama na hasumiyar agogo kuwa sun bar ƙwanƙolin Abu Ƙubais can ƙasa. Wallahu a'alamu.